Kafin ka bai wa 'yan gwangwan tsohuwar sifika: yadda muka tashi wasu 'yan shekara 40 a Naseem

Waɗanda suka kalli bidiyon ranar Juma'a sun ga yadda muka baje wasu tsofaffin sifiku guda biyu a tsakar ɗaki. Na yi alƙawarin zan rubuta bayanin a tsanake, domin a bidiyo hannu ya fi baki sauri, lambobin da na riƙa karantowa daga mita ma ba kowa ya kama su ba. To ga shi nan. Ka ajiye shi kusa ranar da za ka kwance taka.

Sifikun na wani dattijo ne maƙwabcinmu a nan Naseem ta Gabas, mutumin Katsina, ya haura shekara 40 a Saudiyya. A Batha ya saye su farkon shekarun 1980, su da amfilifayarsu da dek na kaset. 'Yan Japan ne, akwatin katako mai nauyi, kowace tana da baki uku: babba mai inci 10, matsakaiciya, da ƙarama. Tambarin gaba ya tafi tare da raga tun tuni, takardar baya kuma ta goge, abin da ake iya karantawa kawai shi ne 8 Ω. Yanzu Baba yana tattara kaya zai koma gida gaba ɗaya, kuma kuɗin kago da kilo ake biya. Ya kira ni ya ce, "Yarona, duba min waɗannan. In sun mutu gara in bar wa 'yan gwangwan, kada in biya kuɗin ɗaukar gawa har Katsina." Na ce, "Baba, ku ba ni kwana uku." Yana da kwali biyu na kaset, tafsiri da waƙoƙin Shata, kuma a kan waɗannan sifikun ya saba jin su.

Abin da nake so ka fita da shi daga wannan darasi shi ne tsarin bincike. Tsohuwar sifika ba kasafai take mutuwa gaba ɗaya ba. Abubuwa uku ne suka fi kayar da ita, zoben soso da kafasita da dattin maɓalli, kuma duka ukun masu arha ne. Wanda ya fara da sayen sabuwar wufa kafin ya auna, shi ne yake kashe kuɗi ya kuma ɓata kaya.

Bari mu daidaita suna tukuna. Babbar mai fitar da kaurin sauti ita ce wufa. Ƙaramar mai fitar da siririn sauti ita ce tiwita (ba wadda ake rubutu a cikinta ba fa). Ta tsakiya kuma ita ke ɗauke da yawancin muryar mutum. Cikin akwatin akwai wani ɗan allo mai raba musu aiki, kurosoba.

Fara da amfilifaya

Sau da yawa laifin da ake ɗora wa sifika na amfilifaya ne. Gwajin kyauta ne: kashe wuta, ka musanya wayoyin, ta hagu ta koma dama, ta dama ta koma hagu. In matsalar ta bi akwatin, sifika ce. In ta tsaya a gefe ɗaya, amfilifaya ce ko wayar da ke shigo da sauti.

Sannan akwai awon da mutane ba sa yi, alhali shi ne yake ceton koyil. Cire wayoyin sifika gaba ɗaya, kunna amfilifaya, mayar da ƙara zuwa sifili, ka bar ta kamar minti goma ta ɗumama. Sa mita a DC, ma'aunin milivolt, ka taɓa jan baki da baƙin baki na kowane gefe. Ƙasa da 50 mV lafiya lau. Ta haura 100 mV, tana son gyara. In ka ga volt ɗaya ko fiye, kada ka kuskura ka haɗa mata sifika, dafa koyil za ta yi shiru ba tare da ka ji komai ba sai wari. Ta Baba ta ba mu 18 mV a hagu, 31 mV a dama. Mun wuce.

Tunda muna bayan amfilifaya, ka duba maɓallin zaɓen wuta. Tsofaffin gidaje a Riyadh suna da soket iri biyu, na 127 da na 220, kuma tun 2010 aka yanke shawarar mayar da ƙasar kan 230 a hankali. Kayan da aka yi don cikin Japan 100 suke sha, na Amurka 120. In ka tsinci amfilifaya a Haraj bin Qasim can kudancin gari, ko a manhajar Haraj, karanta bayanta kafin ka soka. Ta Baba a kan 120 take, don a tsohon soket ɗin 127 ta yi rayuwarta. Da an kai ta Katsina haka, soki ɗaya ne ya rage mata.

Ido, yatsa, batir, mita

Cire raga ka haska tocila. Zoben da ya kewaye kwanon wufa shi ne abin dubawa na farko. In soso ne kuma ya kai shekara 20 zuwa sama, to ka ɗauka ya ruɓe ko da kuwa ka gan shi tsaf. Taɓa shi da ɗan yatsa, sai ka ga ya marmashe ko ya manne maka kamar cingam. Sinadarin sosan ne haka, shekaru suna cin sa, zafi da laima suna ƙara masa sauri. A nan Riyadh laima ba ita ce damuwarmu ba. Zafi ne. Da rani inuwa ma tana kai 45, bare ɗakin ajiya na saman bene inda waɗannan suka yi shekara da shekaru. Irin wannan zafin yana busar da gam, yana taurara roba, yana shanye ruwan cikin kafasita.

Ba kowace tsohuwar sifika ce mai soso ba. Pioneer HPM-100 ta 1976 da JBL L100 ta 1970 da yawancin Sansui masu ragar katako zoben ƙyalle ne da su mai lanƙwasa, wanda aka shafa wa wani irin danƙo. Wannan ba ya ruɓewa. In bai yage ba ka bar shi, kada wani ya ce zai "sabunta" maka shi da soso.

Yanzu yatsa. Buɗe yatsunka ka kewaye hular da ke tsakiyar kwano, ba kan hular ba, ka danna a hankali daidai wa daida. Kwano ya shiga ya fito shiru, madalla. In ka ji ƙarar gogayya kamar ana jan takarda a kan yashi, koyil na taɓa ƙarfen maganaɗisu. Idan zoben ya riga ya ruɓe wannan ba hukunci ba ne tukuna, domin kwanon ya karkace ne kawai. Idan zoben lafiya yake amma ana jin gogayya, koyil ya kumbura saboda zafi, sai naɗi.

Batir ɗan 1.5 volt, irin na rimot: ka taɓa shi ga wayoyin wufa na ɗan lokaci, za ka ji "tuk" ka ga kwano ya motsa. In ya fito waje, wayar da ke kan gefen + na batir ita ce +. Ka yi mata alama. Wufa kawai ake yi wa haka, tiwita wayarta siririya ce kamar gashi, a bar ta da mita.

Sai mita a ma'aunin om. Nan ne mutane suke rikicewa. Sifika mai 8 Ω ba za ta nuna maka 8 ba, za ka ga wajen 5.5 zuwa 7, kuma daidai ne. Mai 4 Ω za ta nuna 3 da wani abu. In mita ta nuna OL, ko lamba 1 a gefen hagu, koyil ya katse. In ta nuna kusa da sifili, ya haɗe. Dole ka kwance kowace ɗaya daga akwati ka zare aƙalla waya ɗaya kafin ka auna, in ba haka ba kurosoba kake aunawa. Tiwita da yawa an yanke musu hukuncin mutuwa saboda an auna su ta bayan kafasita, wadda dama ba ta barin DC ya wuce. Ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka zare komai.

Tiwitocin Baba sun ba da 6.0 da 5.9, na tsakiya ma sun yi kusa da juna. Wufar hagu 6.3. Ta dama 3.4. A nan ne labari ya fito.

Wufar mota ba ta shiga akwatin ɗaki

Duk wanda ya san Naseem ya san a da unguwar motoci ce, daga wuraren sayar da su zuwa shagunan ƙawata su, ko ta ina ka ɓullo daga titin Khurais sai ka ci karo da su. Wasu shekaru da suka wuce, da sifikar dama ta fara kakari, Baba ya kai ta ɗaya daga cikin irin waɗannan shagunan. Suka cire ta asali suka ɗaura masa wufar mota mai inci 10, baƙa mai sheƙi, an rubuta mata wat ɗari-ɗari a jiki. Ramin ya yi daidai, sukurori sun shiga, sauti ya fito. Amma tun daga ranar, in ji Baba, "muryar malam ta shige rijiya."

Ga dalili. Na farko, om 4 ce. A ƙara iri ɗaya tana jan lantarki ninki biyu na mai om 8, tsohuwar amfilifaya tana ta gumi a gefe ɗaya. Na biyu, koyil ɗin da ke kan kurosoba an lissafa shi ne da om 8. Ka ba shi om 4, inda yake yanke wufa sai ya sauko rabi. In an tsara ta tsaya wajen 900 Hz, sai ta tsaya wajen 450, ita kuma ta tsakiya tana can tana jiran 900. Wannan ramin da aka bari daidai inda kaurin muryar namiji yake. Rijiyar Baba ke nan.

Na uku shi ne mafi girma, kuma shi ne abin da masu "kowace inci 10 ɗaya ce" ba su sani ba. Akwati da wufa tare aka haife su. A 1954 wani Ba'amurke, Edgar Villchur, ya fito da AR-1 a kamfaninsa na Acoustic Research: wufa mai laushin zobe ƙwarai a cikin ƙaramin akwati rufaffe ruf, inda iskar da ke kulle a ciki take zama mata sifirin. Da wannan dabara aka samu bes mai zurfi daga akwatin da zai hau kanta, kuma kamfanoni da yawa suka bi sahu. Ɗaya hanyar ita ce akwati mai rami ko bututu, wanda Neville Thiele na Ostareliya ya fitar da lissafinsa a 1961, Richard Small ya faɗaɗa shi farkon shekarun 1970. Har gobe da alƙaluman mutanen nan biyu ake haɗa wufa da akwati: nauyin kwano, taurin zobe, ƙarfin maganaɗisu, girman cikin akwati. Ka canja ɗaya, sauran sun tashi daga daidai. Wufar mota kwanonta nauyi ne da shi, an yi ta ne ta sha wat mai yawa a cikin but, don haka a kan amfilifayar ɗaki mai wat 30 ko 40 ma ba ta da ƙarar da ta asali take da ita.

Allah ya taimaka, Baba mutum ne mai ajiya. Ta asalin tana nan cikin kwali a ƙarƙashin gado, an naɗe ta da tsohon shimagi. Na sa mata mita: 6.2. Ba abin da ya same ta sai zobe.

Canjin zoben soso

Wannan ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne ya fi tsoratar da mutane, alhali haƙuri kawai yake so.

Kada ka yi oda da "inci 10" kawai. Auna faɗin kwanon takarda daga baki zuwa baki, ka auna faɗin inda zoben yake zama a jikin ƙarfe, ka kuma duba leɓen kwanon: a miƙe yake ko a karkace? A gaban kwano aka manna tsohon ko a bayansa? Yadda ka tarar haka za ka mayar. Ana sayar da zoben bibbiyu a intanet, wasu har da gam ɗinsu. Za ka ga na roba ma, mai sayarwa zai ce ya fi daɗewa. Gaskiya ne ya fi daɗewa, amma ya fi nauyi kuma yawanci ya fi tauri, don haka bes zai canja. Wanda aka yi da soso a mayar masa da soso. Kuma a canja duka biyun rana ɗaya, ko da ɗaya ce ta fashe.

Ɗaga zoben kwali ko na roba da ke saman baki a hankali da wuƙa, ka ajiye shi, za a mayar. Kankare tsohon soso da gam daga jikin ƙarfe har sai ya yi fes, sifirit irin wanda ake kira isopropyl yana taimakawa. A jikin takarda kuwa yatsa ya fi wuƙa, ka riƙa murzawa yana naɗewa yana fita. Kada ka jiƙa takardar da sifirit. Ka kifa wufar ko ka karkata ta lokacin kankara don kada marmashi ya gangara ciki, kuma ka nisanta ta daga duk wani garin ƙarfe, maganaɗisu zai zuƙe shi ya kai shi inda ba za ka iya cirowa ba.

Gam fari mai ruwa-ruwa ake so, wanda yake bushewa ya bar laushi. Sufa gulu haramun ne a nan, yana ƙona soso ya bushe kamar gilashi. Gam ɗin takalmi kuma yana kamawa nan take, ba ya ba ka damar gyara zama.

Leɓen ciki ake fara mannawa a jikin kwano. Shafa siriri, ɗora zobe, ka riƙa bi da yatsa kana dannawa zagaye bayan zagaye har ya kama. Ga inda Riyadh take da nata hali: iskar nan a bushe take ƙwarai, gam ɗin da aka rubuta zai ba ka minti goma yana iya yin fata cikin uku. Ka yi aikin a ɗaki mai sanyi, amma ba a gaban bakin esi ba, mukayyif kamar yadda ake ce masa a nan. Ni da daddare na yi nawa. Ka bar shi awa ɗaya ko biyu.

Leɓen waje shi ne jarrabawar. Tsakanin koyil da ƙarfen maganaɗisu tazarar ba ta kai milimita ɗaya ba, in ka manna a karkace zai riƙa gogawa har abada. Hanyoyi biyu ne. Ta farko, a yanke hula, a soka siraran ledoji masu tauri guda uku ko huɗu kewaye da koyil su riƙe shi a tsakiya, a manna zobe, a zare su, a mayar da hula. Ita ce mafi tabbas, musamman ga wufa mai matsattsen rami. Ta biyu, wadda kuka gani a bidiyo, ba a taɓa hula: ka saukar da manhajar fitar da sauti a waya, ka ba wufar 40 ko 50 Hz a ƙasa-ƙasa yadda za ka ga kwano yana rawa kaɗan. Shafa gam a ƙarƙashin leɓen waje, ka danna wurare huɗu, sama, ƙasa, hagu, dama, kana saurare. Ka ji "zzz", ja zoben kaɗan zuwa ɗaya gefen har ya yi shiru. Da ya yi shiru sai ka kewaye shi da fegin shanya. Kashe sauti, danna da yatsa ta kowane ɓangare ka tabbatar babu gogayya tun gam bai bushe ba. A wufa ta biyu sai da na ɗaga sau biyu kafin ta zauna, na yanke wannan a bidiyo don kada ya yi tsawo, amma ku sani ya faru.

A bar su kwana guda cur. Mayar da zoben saman, sannan a ɗaura.

Akwatin Baba rufaffe ne, don haka iska ba ta da izinin fita ta ko'ina. Mun sa sabon tef na soso a ƙarƙashin bakin kowace sifika, muka bi kusurwoyin ciki da gam ɗin katako inda zafi ya buɗe su. Gwajinsa: danna kwano ciki ka saki. In ya dawo a hankali, kamar cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, akwati ya rufu. In ya yi tsalle ya dawo nan take, akwai inda yake yoyo. Audugar da ke ciki a mayar da ita yadda take, ba shara ba ce. In mai ƙaiƙayi ce irin ta gilashi, safar hannu da takunkumi.

Kurosoba da maɓallan gaba

Bayan zobe, bes ya dawo, amma tiwitar hagu tana zuwa tana ɗaukewa. Maɓallin rage kaifin sauti ne da ke gaban akwatin. Cikinsa waya ce a naɗe da wani ɗan harshe mai bi ta kanta, shekaru da ƙurar Riyadh sun sa masa tsatsa. Fesa masa maganin wanke mahaɗar lantarki, ka murɗa shi dama da hagu sau talatin ko arba'in. Ba man feshin sassauta ƙusa ba, wannan maiƙo yake bari ƙura ta zo ta zauna. Namu ya warke da haka. Wasu sifikun suna da fis ko ɗan maɓallin kariya a baya, shi ma a duba shi kafin a zargi tiwita.

Kafasita kuwa ga abin da muka gani. Wadda ke gaban tiwita an rubuta mata 4.7 µF. Da muka zare ƙafa ɗaya muka auna, ta hagu ta nuna 7.9, ta dama 6.8. Me wannan yake nufi a kunne? A kurosoba mai sauƙi irin wannan, 4.7 µF da tiwita mai om 8 suna yankewa wajen 4,200 Hz. Da ta zama 7.9, yankan ya sauko wajen 2,500 Hz. Wato ana tura wa 'yar ƙaramar tiwita kayan da ba nata ba, sauti ya yi tsawa, kuma ranar da aka ƙure ƙara ita ce za ta fara ƙonewa. Ga shi kuma hagu da dama ba su daidaita ba.

Dokar canji gajeriya ce. Lambar µF iri ɗaya. Lambar volt iri ɗaya ko sama, 100 V ta wadatar a irin waɗannan. Kuma dole ta zama marar gefe, wadda ake rubuta wa NP ko BP. Irin kafasitar da ke cikin rediyo mai + da − ba ta aiki a nan. Ga tiwita na fi son ta fim, polypropylene, don ita ba ta da ruwan da zai bushe, ka sa ka manta. Ga manya kamar 22 µF ta sifikar tsakiya, sabuwar NP ta isa, ta fim mai wannan girman tsada ce da cin wuri. In ba ka samu lambar daidai ba, haɗa biyu kafaɗa da kafaɗa suna taruwa: 3.3 da 1.5 sun ba ka 4.8, ya yi. Wani lokaci bayan an sa ta fim sai ka ji tiwita ta ɗan ƙara kaifi. Rage ta da maɓallin gaba, ko ka sa rizista mai rabin om a jere da ita. Koyil na kurosoba da rizistoci farare, in ba su ƙone ba a bar su. Masu sayar da kafasita ɗaya a kuɗin da ya fi na sifikar gaba ɗaya, ni dai ban taɓa jin abin da suke cewa ana ji ba.

Abu biyu game da tiwita. Wasu daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa sama an zuba musu wani baƙin mai mai bin maganaɗisu a ramin koyil don sanyaya shi. In ya bushe ya yi kauri, mita za ta nuna lafiya amma sautin ya dushe. Ana iya gogewa a zuba sabo, aiki ne na daban, za mu yi masa nasa bidiyon. Na biyu gargaɗi ne: Yamaha NS-1000M ta 1974 da wasu irinta da ƙarfen beryllium aka yi ƙoƙon tiwita da na tsakiya. Lafiyayye ba ya cutarwa, amma in ya fashe garinsa guba ne ga huhu. Kada a kankare, kada a hura.

Ƙarin da ya cancanci kuɗinka

Waya: jan ƙarfe na gaske mai kauri 1.5 mm² ya ishi kowane ɗaki. Ka kankare bakin ka gani, in cikin fari ne to alminiyam ne aka yi wa fenti. Ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi a duka biyun. In ka juya ɗaya, bes ɗin wannan yana cinye na wancan.

Bulutut: ɗan akwatin karɓa na 'yan riyal kaɗan, a soka shi a AUX ko TAPE. Ban da PHONO, wannan ramin na garmaho ne, yana ninka sauti sosai, abin da za ka ji ba daɗi.

In amfilifayar ce ta mutu, ƙananan nan na zamani masu cif ɗin TPA3116 ko TPA3255 na Texas Instruments suna tuƙa tsofaffin sifiku lafiya. Sai dai wat 50 da ake rubuta wa TPA3116 na om 4 ne, a om 8 ka sa ran wajen 30, shi ma in adaftar wutar mai ƙarfi ce. Kuma kada ka haɗa baƙaƙen wayoyin hagu da dama wuri ɗaya, a irin waɗannan kowane gefe nasa daban ne. Ka kuma sani ƙaramar amfilifaya da aka ƙure ta fi kashe tiwita a kan babba da ake bi a hankali. Da ka ji sauti ya fara tsagewa, rage.

Na ƙarshe kyauta ne. Ɗaga su daga ƙasa yadda tiwita za ta zo daidai kunnen mai zaune, ka janye su kamar taku ɗaya daga bango, kada a cusa su kusurwa. Gidajenmu na nan siminti ne da tayil, sauti yana ta karo. Majalisi mai kafet da matasai da labule ya fi falon tayil daɗin sauraro nesa ba kusa ba.

Shirin hanya

Ran kwana na uku Baba ya sa kaset ɗin tafsiri, ya zauna ya yi shiru har gefe ɗaya ya ƙare. Sai ya ce, "To, malam ya fito daga rijiya. Nawa ne kuɗin kilo ma?" Abin da muka kashe gaba ɗaya, zobe biyu da gam da kafasita huɗu da gwangwanin feshi, bai kai abin da ya biya a wufar motar nan ita kaɗai ba.

Ga mai shirin aika irin waɗannan gida: yanka kwali mai tauri ka rufe fuskar kowane akwati, kusurwoyi a naɗe su da soso. Ɗauki guntuwar waya ka haɗa jan baki da baƙin baki na bayan sifikar, wannan yana riƙe kwano ya rage masa rawa a hanya, amma a tuna a cire kafin a haɗa da amfilifaya. Sifika ba ruwanta da wutar gari, amfilifaya ce mai ruwa. Mun mayar da maɓallin ta Baba kan 240, muka canja fis zuwa wanda aka rubuta a bayanta don wannan wutar, na manna takarda da rubutun Hausa a kai, na kuma ce ya haɗa ta da sitabilaiza in ya isa. Wutar Saudiyya 60 Hz ce, ta Najeriya da Nijar 50. Amfilifaya mai maɓallin zaɓen wuta yawanci an rubuta mata 50/60, ba matsala. Dek ɗin kaset ma yawancinsu motar DC ce da su. Tsohon garmaho mai motar da ke bin bugun wutar gari shi ne zai rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, sai an canja masa ɗan ƙarfen da bel yake hawa.

Wufar motar tana nan wurina. A bidiyo na gaba za mu auna ta, mu lissafa akwatin da ya dace da ita, mu gani ko za ta yi aikin bes a ƙarƙashin teburin kwamfuta.